Ni na ɓare batirin, kumbaronmu ke shan zagi

Kiriya Evantiya, don Allah ki taimake ni, kuma ki yi sauri, domin Asabar ta kusa. Shekara tara ina karanta filinki ina dariyar wautar matan mutane, ina cewa ni kam Allah ya raba ni da kai ƙarar kaina jarida. To, yau ga ni da biro a hannu, takardar ma warin zaitun take yi.

Ni 'yar kasuwa ce. Shekara ashirin da shida ina sayar da zaitun da cuku a kasuwannin unguwa nan Volos, Laraba a wannan titi, Juma'a a wancan. Na yi karatu daidai gwargwado, saura kaɗan in zama malamar makaranta aure ya riga. Ba a taɓa cutata a kan sikeli ba, kuma tun daga nesa nake gane wadda ta zo saye da wadda ta zo ɗanɗane ta wuce. Na faɗa miki haka ne don ki san ba sakarya ce ta rubuto miki ba. Mai wayo ce ta tafka wauta, abin da ya sa nake jin kamar in nutse.

Sunan maigidana Fanuris. Wannan ba zan iya ɓoyewa ba, saboda a ranar bikin waliyyin da ya ci sunansa abin ya faru, amma sauran sunayen duk na canza su. Ba na tsoron ya gani, shi shafin ƙwallo kawai yake karantawa, sauran jaridar ya ba ni in naɗe kaya. Tsohon mai tuƙa ƙugiyar ɗaga kaya ne a tashar jiragen ruwa, kuma ya yi shekara talatin da huɗu yana zuƙar kwali biyu na sigari kowace rana. Shekara uku da suka wuce zuciyarsa ta ce ta gaji. Aka sa masa ɗan ƙarfe a jijiya, likita ya ce ya zaɓa, ko sigari ko ganin jikoki. Mun gwada cingam ɗin daina sigari, mun gwada filastar da ake mannawa a fata, na saya masa carbin wasa har uku, ya cinye 'ya'yan kabewa buhu guda. Duk a banza. A banɗaki nake kama shi ya leƙa kai ta taga kamar ɗan makaranta.

Wanda ya cece shi kumbaronmu ne, zan kira shi Argiris. Shi ya musanya mana kambin aure a coci, shi ya riƙe 'yarmu a ruwan baftisma, kin san dai abin da wannan ke nufi, ya fi ɗan'uwa na jini. Ma'aikacin injin sassaƙa ƙarfe ne. Da aka rufe masana'antar da yake aiki, sai ya kafa ɗan injinsa a garejin gida yana ƙera irin bututun nan na sigarin lantarki. Ya ƙera wa Fanuris ɗaya na jan ƙarfe, ya zana sunansa a jiki. Tsawonsa bai wuce tafin hannu ba. Batir ɗaya a ciki, maɓalli a gindi, a sama kuma wani kai da ake ɗaurawa mai 'yar waya da auduga, inda ake ɗiga ruwa mai ƙamshi ya zama tururi. Babu allo, babu lamba, babu ko 'yar fitila. Da na tambayi Fanuris me ya sa bai sayi irin na kanti mai allo ba, cewa ya yi, "Ke uwargida, waɗancan na 'yan jami'a ne masu tsoron inuwarsu. Wannan na maza ne. Daga kai sai wuta, babu ɗan aike a tsakani."

Maza kuwa, ki zo ki ga maza. Kowace Asabar su goma sha biyu suke taruwa a wani shagon kofi bayan kasuwar kifi, masu furfura da masu sanƙo, suna busa tururi har ba ka ganin mai kawo kofi. Mutanen da suka yi rayuwarsu suna warin gas da gumi, yanzu in sun fito sai ka rantse daga gidan kek suke. Su gwada wa juna waya, su yi musu a kan auduga kamar masu shirin tafiya duniyar wata. Na yi musu dariya har na gaji. Amma gaskiya ɗaya ce: shekara uku Fanuris bai taɓa sigari ba. Tarin asuba ya tafi, yana hawa benenmu ba ya tsayawa a tsakiya yana yi kamar yana duba tukunyar fure.

Sai ranar waliyyi Fanuriyos ta zo, ashirin da bakwai ga Agusta. Kin san gidan mai suna a irin wannan rana, ba a gayyata, kowa zuwa yake, kuma kowace mace da ta shigo idonta na kan kusurwoyi. Ni kuwa a duk layinmu an san ni da jan ƙarfe. Tukwanen kofi, farantan uwata, fitilar gaban hotunan waliyyai, har mariƙin ƙofa, duk da lemun tsami da gishiri nake bi da su sai mutum ya ga fuskarsa. Abu ɗaya ne a gidan ya gagare ni, wannan bututun. Ya yi baƙi ya soma kore kamar tsohon kwabon da aka tono. Na sha yi masa magana, sai ya ce, "Ki bar shi, tsufan nan shi ne adonsa." Ado! A gaban baƙi goma sha bakwai, a kan farin mayafin teburina.

Da safe ya tafi coci, ya bar bututun a kan kanta, ya cire kan ya jiƙa a kofi. Na dube shi, ya dube ni. Minti goma ya isa ya koma kamar sabo. Sai na ce tunda na fara bari in goge har ciki. Ina kwance gindin, batir ya zamo a hannuna, da wata koriyar leda a jikinsa duk ta yage a baki, an lilliƙa mata salatif kamar takalmin mahaukaci. Ni da ba na barin ganye ɗaya a cikin zaitun ɗin da zan auna wa mutum, in bar wannan ƙazanta a cikin abin da mijina yake kaiwa baki? Na sa wuƙar fere dankali na ɓare ta tas. Ashe a ƙarƙashi ƙarfe ne fari sol mai kyau. Wani ɗan farin zobe kamar na takarda ya faɗo daga saman, na share shi da ɓawon lemu. Na buɗe aljihun tebur na ga wasu batura huɗu, uku cikinsu su ma da yagaggiyar riga, na yi musu irin wannan gata. Har na lura da wasu 'yan ramuka uku a gindin bututun da datti ke maƙalewa, na ɗauko kyandir zan ɗiga musu kaki in toshe su kowa ya huta, sai na ji ƙaurin kek ɗin da nake toya wa waliyyi daga tanda, na yar da kyandir na ruga. Da na dawo na manta. Na mayar da batir, na ɗaure, na tsayar da shi a inda yake.

Da ya dawo ya ga ƙyalli, ya yi tsaki ya ce, "Ke dai ba ki barin abu ya huta." Ya ɗaura kan, ya murɗa makullin maɓallin a gabana, ya jefa a aljihun farin wandonsa na lilin.

Da rana muna kan tebur a baranda, an ci an fara shan giyar tsipuro, Argiris ya miƙe da kofi a hannu zai yi wa mai suna fatan shekaru masu yawa. Matarsa, zan kira ta Lemoniya, ta ɗaga hanci ta ce, "Kumbara, kin bar wani abu a wuta?" Wari ne kamar an ƙona auduga a cikin madara. Kafin in amsa, Fanuris ya yi wata ƙara ya tashi sama, hayaƙi na fita daga aljihunsa. Rawar da ya ƙi yi ranar aurenmu ya yi ta a wannan rana, kuma babu kiɗa. Kowa ya daskare, ban da Argiris. Ya fizgi tawul ya cusa hannu a aljihun, ya zaro abin ya wurga tsakar gida ƙarƙashin bishiyar lemu. Yana faɗuwa ya fara huci kamar tukunyar wake mai murfin ƙarfe, baƙin hayaƙi na feshi ta ramukan nan uku. Ganyen da ke kusa duk ya yanƙwane.

Cinyar ta ƙone faɗin tafin hannu. Ma'aikaciyar jinya ta ce da ya matsa yatsa uku gefe, da labarin ya canza. Surukinmu ne ya kai shi asibiti, ni na tsaya da baƙi. Ina kallo Argiris ya ɗauki bututun da abin juya gawayi bayan ya huce, ya kwance shi, batirin ya faɗo tsirara, baƙi ƙirin. Ya juya shi, ya leƙa cikin bututun, ya kai shi hanci ya shinshina. Sai ya ɗago ya dube ni. Ni kuwa a lokacin na ga babu abin da ya fi tayil ɗin ƙasa ban sha'awa.

Fanuris ya dawo da bandeji, rabin baƙin suna nan. Tun daga ƙofa yake ihu. "Na kulle maɓallin! Ku tambayi matata, a gabanta na kulle! Kumbaro, bam ka ƙera mini? Shekara talatin muna cin gurasa ɗaya, ashe da cinyata kake koyon sana'a?" Ya faɗi wasu maganganun da ba za ki buga ba. Aka juyo ana kallona don in ba da shaida, na ce e, ya kulle. Ban yi ƙarya ba, kin gani. Abin da Argiris ya ce kawai shi ne, "Allah ya ƙara sauƙi, kumbaro." Ya ajiye bututun a tebur, ya ɗauki hularsa, Lemoniya ta bi shi ko kek ba ta ɗauka ba.

Yau mako uku ke nan. Ba gaisuwa, ba waya. Washegari Fanuris ya ɗingisa zuwa kiyos ya sayo kwalin sigari, ya ce gara abin da zai kashe shi a hankali da wanda zai kashe shi a gaban baƙi. Tarin ya dawo. Kuma Asabar ɗin nan 'yan tururi za su koma zamansu bayan hutun bazara, ya rantse zai kai bututun da ƙonannen wandon ya shimfiɗa a tebur, ya gaya musu maɓallin Argiris ba ya kulluwa. Kiriya Evantiya, mutanen nan goma sha biyu su ne kasuwar Argiris, su ke yaɗa sunansa a intanet har ake aiko masa da oda daga Italiya da Jamus. In suka ɗauki hoton wandon nan, ya rufe gareji. Mutum mai shekara sittin da ɗaya, wa zai ɗauke shi aiki?

Fanuris ya ɗauka zafi ne ya narkar da ledar. Sauran batura ukun da na ɓare na ɓoye su a gwangwanin biskit da nake ajiye allurai da almakashi, a ƙasan kabad, inda na san ko shekara ɗari ba zai duba ba. Ba wanda ya sani. Sai dai ranar Juma'a Lemoniya ta zo rumfata ta sayi rabin kilo, tana karɓa ta ce, "Ranar nan gidanki komai sai ƙyalli, kumbara. Da me kike gogewa ne?" Ta tafi ba ta jira amsa ba. Ban sani ba ko yabo ne ko wuƙa.

Za ki ce in faɗi gaskiya. Ba ki san Fanuris ba. Har yau yana ba baƙi labarin ranar da na ja motar kaya da baya na kayar da bishiyar ɓauren maƙwabci, kuma 'yarmu tana goye a lokacin, yanzu tana da ciki. A gidan nan ni ce mai wayo, shi ne mai ƙarfi, a haka muka zauna lafiya. In na faɗa, na ƙona masa cinya, na sa ya zagi kumbaronsa a gaban mutane, na tsaya ina kallo, kuma dole ya je ya ba da haƙuri, abin da ban taɓa ganin ya yi ba ko ga limamin coci.

Na yi tunanin dabaru biyu. Ko in sace bututun in jefa a teku kafin Asabar, babu shaida babu shari'a. Ko in sa masa a kunne cewa batirin ne jabu, laifin ya koma kan wata masana'anta a can ƙarshen duniya da ba ta san muna yi ba. Wanne ya fi? Kuma ki gaya mini tsakani da Allah, anya ledar da ba ta kai kaurin ɓawon albasa ba za ta iya wannan aiki? Ba mamaki maɓallin ne da gaske, ni ina ta cin kaina a banza?

Abin da ya sa na kasa haƙuri na rubuto, jiya ya ce mini, "Uwargida, ki sake toya wa waliyyina kek. Shi ne mai tono abin da ya ɓuya, ya nuna wa duniya wanda ya cuce ni." Na ce to. Garin yana nan a kwano na kasa kwaɓawa.

Mai zaitun, Volos

*

'Yar'uwa mai zaitun,

Ajiye jaridar nan tukuna. Ki je kabad ki buɗe gwangwanin biskit a hankali, kada ki girgiza shi. Ki fitar da baturan nan uku ɗaya bayan ɗaya, ki naɗe kowanne shi kaɗai da baƙin salatif na masu gyaran wuta, daga kai har gindi, ko ki sa kowanne a ledarsa daban. Ki ajiye su a kan tayil, nesa da labule da rana. In wani ya kumbura, ko yana ɗumi, ko yana wari, ki fitar da shi tsakar gida. Na tsallake wasiƙu goma sha ɗaya na buga taki yau saboda wannan gwangwanin kawai. Batir tsirara uku, a cikin ƙarfe, tare da allurai da almakashi, a ƙarƙashin kayan sawa. Kin ce ke ce mai wayon gidan. Allah ya tsare mu da ganin aikin mai ƙarfin.

Kin dawo? To zauna.

Na yi shekara talatin da ɗaya a bayan kanta ina sayar da waya da soket tare da marigayi mijina, saboda haka zan amsa tambayarki ta ƙarshe da farko, tunda ita ce ƙofar da kike son sulalewa ta ciki. E, ledar ce. Irin wannan batir, ɗan tudun da ke samansa ne kawai kai, duk sauran jikinsa gindi ne. Tsakanin kan da bakin jikin babu nisan da ya wuce kaurin farce, kuma ɗan farin zoben da kika share da ɓawon lemu shi ke raba su. Bututun kuma ba kwalliya ba ne, ta jikinsa wutar take bi ta koma batir, maɓallin gindi shi ne ƙofa ɗaya tilo a kan hanyar. Ledar ita ke hana jikin batir taɓa bango. Da kika tuɓe ta, mijinki ya zauna, batir ya jingina da bango, wuta ta samu hanyar bayan gida. Ya kulle ƙofar gaba da kyau, ba ƙarya ya yi ba, amma ke kin riga kin rushe katanga. Waya ta yi ta ci babu mai dannawa, ruwan ya ƙafe, auduga ta kama, batir ya yi zafi har ya amayar da cikinsa. Masu allon nan da yake rainawa, daƙiƙa kaɗan za su yi su yanke wutar da kansu. Nasa na maza ne, babu ɗan aike a tsakani, don haka babu wanda ya ce tsaya.

Maɓallin Argiris lafiyarsa ƙalau. Bari ma in ƙara miki nauyi. Ramukan nan uku da kika ɗauko wa kyandir, Argiris ya huda su ne don in batir ya tashi huci iskar ta samu mafita. Bututun ƙarfe da aka toshe ko'ina, batir na tafasa a ciki, shi ne abin da mijinki ya kira shi a gaban baƙi. Da kek bai yi ƙauri ba, ba zancen cinya za mu yi ba yau. Mutumin da ake shirin tozartawa ranar Asabar ya ceci mijinki sau uku: ya raba shi da sigari, ya huda ramuka, ya sa hannunsa a aljihu mai ci da wuta yayin da mutum goma sha shida ke riƙe da kofi.

Amma ba ke kaɗai za ki ɗauki kayan ba. Wa ya liƙa salatif a kan yagaggiyar leda ya ci gaba da amfani da ita? Batura huɗu cikin biyar da rigarsu a yage! Wanda ya zaɓi na'urar da ba ta da ƙwaƙwalwa ya yarda ya ara mata tasa ke nan. Sabuwar riga ana sayar da ita a kowane shagon tururi, a zura, a busa da na'urar busar da gashi, an gama. Bai yi ba. Da kin bar shi ma, da kansa zai kai kansa asibiti kafin Kirsimeti, ke dai kin rage masa jira. Kuma shekara uku yana bayanin auduga ga tsofaffi goma sha ɗaya, bai taɓa ɗaukar minti biyu ya ce wa matar da ke goge masa gida, wannan ledar ita ce tsakanina da kabari, kada ki taɓa ba. Ya ce miki ado ne. Wa zai ce wa macen Volos ado ne a jajibirin ranar suna ya yi zaton ta ji?

Dabarunki kuwa, kin ba ni kunya a matsayinki na 'yar kasuwa. Ki jefa bututu a teku, wandon fa? Cinyar fa, ita ma teku? Zai je da bakinsa, kuma kin ɗauke abu ɗaya da zai iya wanke Argiris. Zancen batir jabu kuma, sai ki sayar wa wanda bai sani ba, ga shi wanda ya fi kowa sani ya riga ya ga kayan. Leda in ta narke tana barin baƙin danƙo a manne da bango. Argiris ya leƙa ya ga bango fes, ya shinshina ya ji lemun tsami. Tun kafin mijinki ya dawo daga asibiti ya san komai. Ya tsaya aka zage shi a gaban matarsa, kalma ɗaya za ta wanke shi, ya haɗiye ta ya ɗauki hula. Don wa kike tsammani? Lemoniya kuwa ba yabo ta yi ba. Ta zo ta gaya miki cewa haƙurin mijinta ne ke riƙe da bakinta, kuma ba nata haƙurin ba ne.

Ga abin da za ki yi. Yau, ba Juma'a ba. Bayan ya ci abinci, ku biyu kawai, ki ajiye baturan nan uku a naɗe a gabansa ki ce, ni na ɓare, har da na cikin bututun. Kada ki yi ciniki, kada ki fara da ai kai ma. Ki bar shi ya yi ihunsa ya ƙare. Zancen salatif ki adana shi sai gobe, zai yi amfani a lokacin da ya fara neman wanda zai raba kunyar da shi. Zai ba da labarin nan har a bikin jikokinku, wannan kam babu makawa, ɓauren maƙwabci zai samu hutu. Ki auna da sikelinki da ba a taɓa cuta ba: a gefe ɗaya a yi miki dariya a kan tebur, a ɗaya gefen mutum ya rufe garejinsa saboda ya rufa miki asiri.

Ba da haƙurin da kike ce bai iya ba, ki sauƙaƙa masa. Ku tafi tare, ke ki fara magana, tunda ke kika fara aiki. Shi in ya iya cewa "kumbaro" ya miƙa hannu, ya isa, Argiris ba mai son dogon jawabi ba ne, kin gani da idonki. Ranar Asabar kuma kada ki hana shi zuwa. Ya je da wandon da bututun, ya faɗi yadda aka yi, ya nuna musu ramukan. Sa'an nan ya ce kowa ya juye aljihunsa a tebur. Ina tabbatar miki za a ga yagaggun riguna da batura suna yawo tare da makullai da carbi. Waɗannan baturan naki uku kuma, daga nan sai akwatin tattara tsofaffin batura a shago, ba kwandon shara ba.

Sigarin shi ya fi damuna, don shi ba ya huci balle a wurga shi tsakar gida. Cikin makon nan ki kai shi wurin likitan zuciyarsa, a duba ƙunar kuma a faɗa wa likita gaskiyar kwali nawa. In likita ya ga zai iya rabuwa da duka biyun, ya fi. In sai da tururi, ya sayi na 'yan jami'a, mai tsoron inuwarsa ba ya kwana da bandeji. In ya nace sai bututu, to Argiris ya zaunar da shi kamar sabon shiga: a duba riga da zobe kafin kowane sawa, a auna waya a mita kafin a danna, batir na ajiya ya zauna a akwatinsa na roba, kuma a cire batir kafin abin ya shiga aljihu.

Abu na ƙarshe. Kin ce kin ɓoye kanki. Mai zaitun a Volos, mijinta Fanuris, wandonsa ya kama wuta ranar waliyyi a gaban mutum goma sha bakwai. 'Yar'uwa, shi ne yake karanta shafin ƙwallo kawai, wanzaminsa har tallar gidaje yake karantawa, kuma da ƙarfi. Kina da daga yanzu zuwa askinsa na gaba.

Ki kwaɓa garin nan ki toya kek ɗin. Kada ki wahalar da waliyyi, ya riga ya yi nasa aikin ranar da ya janye ki daga kyandir. Ki naɗe shi da ɗuminsa ki kai gidan Lemoniya, wancan karon ta fita ba ta ɗauki rabonta ba.

Allah ya warkar da cinya, ya tsare zuciya, ya sauki 'yarku lafiya. Tukwanen kofi ki goge su har su makantar da maƙwabta, amma batir ki bar masa rigarsa.

Taki,
Evantiya